Majajjawa Uku a Jere

Ni ne na kafa dokar, shi ya sa ba ni da wanda zan ɗora wa laifi. Na gwada kuwa, Allah ya sani. Shekara da shekaru ina neman wanda za mu raba kayan nan da shi, ban samu ba.

A lokacin na ɗan haura shekara ashirin, na gama sakandare, ina taya mahaifina noman rani a ƙauyenmu da ke tsakanin Kura da Bunkure. Ban ruwa da sassafe muke yi. Kafin rana ta take mun jawo ruwa daga kanal mun shayar da albasa, mun toshe, mun wanke ƙafa. Daga azahar zuwa la'asar kuwa babu abin da mutum zai yi a gona sai dai ya gasa kansa. Wannan tsakanin muke kai wa gidan gem.

Sunan ne kawai gida. Shago ne na langa-langa a bayan injin casar shinkafa, da talabijin biyu, benci uku, da wata fanka da ba ta san kowa ba sai mai shagon. Wutar ma daga janareton masu casa aka jawo, saboda haka idan suka tashi, mu ma mun tashi. Buntu kuwa har cikin kunne. Talabijin ɗaya ta 'yan ƙwallo ce, ɗayar ta faɗa. A ta faɗan, mutum biyu ne kowa zai zaɓi ɗan dambensa, ya riƙe fad yana dannawa, su gwabza turmi uku. Wanda ya ci ya zauna, wanda aka cinye ya miƙa wa na bayansa. Ni zama nake yi. Akwai ranar da na zauna tun daga sallame azahar har aka kira la'asar ba wanda ya tashe ni, kuma ban bar kowa ya manta da ranar ba.

A cikin 'yan damben akwai wani tsoho mai gemu, ko takalmi babu a ƙafarsa. Idan ka murza babban yatsan hagu daga ƙasa zuwa gaba, ka danna naushi da hannun dama, sai ya cillo wani dunƙulen wuta kore, ya tafi a miƙe har inda abokin faɗa yake. Ban san abin da waɗanda suka ƙera wasan suke kiransa ba. Mu dai majajjawa muke ce masa, saboda da ita ake korar tsuntsu idan shinkafa ta fara nuna: ka tsaya a bakin gona, ka yi ta jifa daga nesa, ba ka taɓa kusantar abin da kake faɗa da shi. A wurinmu wannan ba aikin namiji ba ne. Muna ɗan jefa ta jefi-jefi, amma abin alfahari shi ne ka shiga jikin mutum ka haɗa masa duka biyar kafin ya numfasa.

Sai wata rana wani direban motar tumatir daga wajen Kumbotso, yana jiran a gama masa lodi, ya shigo shan inuwa. Ya karɓi fad, ya zaɓi tsohon, ya koma can ƙarshen talabijin ya yi ta aiko min da wuta. Na yi tsalle na faɗa kanta, na tsaya ta ci ni kaɗan-kaɗan. Sau uku ya tashe ni ina sake roƙon layi, a gaban mutanen da nake yi wa cika baki. Da ya tafi, maimakon in zauna in koyi yadda ake tsallake abin, sai na miƙe na yi huɗuba. Na ce wannan ba wasa ba ne, gadin shinkafa ne. Daga yau duk wanda ya jefa majajjawa uku a jere, bai matso ya kai duka ba, to ya faɗi, ko da shi ne a sama. Za a ƙirga masa da ƙarfi, a buga masa langa-langa kamar yadda ake kaɗa wa tsuntsu gwangwani, ya ajiye fad. Kowa ya yarda, don kowa ya ji haushin baƙo ya zo ya yi mana haka. Dokar ta zauna daram, har waɗanda suka zo daga baya suna zaton a cikin wasan take.

Wanda ya fi kowa buga langa-langar nan shi ne aminina. Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nasu, kwana kaɗan ne tsakanin haihuwata da tasa, allo ɗaya muka yi, bulala ɗaya muka sha. Shi a wasa ba shi da haƙuri ko na anini, da an fara zai afko maka, ko ya gama da kai ko ka gama da shi. A injin casar yake aiki, yana zuba shinkafa, saboda haka da farin buntu a gira yake shigowa.

A kakar wannan shekarar bel ɗin inji ya kama masa hannun riga. Ba na wurin, ina gona, sai dai na ji janareto ya mutu da rana tsaka, abin da ba a saba ba. Aka kai shi asibiti a Kano. Da ya dawo, hannunsa na dama saura yatsa biyu, ƙaramin da na kusa da shi.

Ciwo ya warke, amma mutum bai fito ba. Wata huɗu yana ɗaki. Masallaci sai an tayar da salla zai shiga, ana sallamewa ya fice hannu a aljihu, don kada wani ya miƙo masa gaisuwa. Ya daina cin abinci da ƙannensa a kwano ɗaya, sai a zuba masa nasa da cokali. Idan na je muna hira lafiya lau, har dariya yake yi, amma da na ce mu fita sai ya ce rana ta yi yawa, ko kansa na ciwo. Ni kuma, gaskiya, zuwan nawa ya fara ja baya, don zaman ɗaki ba ya cikin halina.

Mahaifiyarsa, wadda ni ma Inna nake ce mata, ita ta tare ni a zaure wata safiya ina saɓe da fartanya. Ba ta yi dogon zance ba. Ta ce ta yi addu'a, ta yi faɗa, ta yi lallashi, babansa ma ya yi, abin ya gagara. Ta ce ba ta damu ya koma aiki yanzu ba, ita dai ta ga ya zauna cikin sa'anninsa kamar kowa.

"Kai kaɗai yake jin maganarka," in ji ta. "Ka fito min da shi."

Na ce in sha Allahu, Inna, ki bar min. Da ƙarfin gwiwa na faɗa, irin na wanda bai taɓa ɗaukar amana ba.

Da na matsa masa, sai ya ce in ina so in yi masa wani abu, in karɓo masa mataccen fad a wurin mai shago. Akwai su a kwali, waɗanda wayarsu ta tsinke. Na kawo masa ɗaya, ina zaton abin ɗebe kewa yake so. Daga nan kullum idan na wuce ta bayan ɗakinsa sai in ji ƙas, ƙas-ƙas, ƙas. Babu talabijin, babu wuta, shi da fad ne kawai. Na leƙa sau ɗaya na ga yadda yake yi: ya ɗora shi a gwiwa, hagu tana murzawa, yatsan nan na kusa da ƙarami yana sauka a kan maɓalli ɗaya. Na gane majajjawa yake koyo, don da yatsa ɗaya ba za ka haɗa duka biyar ba. Na gane sarai. Wannan shi ne abin da ba zan iya cewa ban sani ba.

Wajen mako shida yana haka. Ran nan bayan azahar na fito sai na gan shi a ƙofar gida da riga mai dogon hannu, ya ce mu je.

Shigarmu shagon kowa ya fara magana lokaci guda. Aka matsa masa a benci. Mai shago, wanda ko ubansa ba ya juya wa fanka, ya juyo masa da ita. Aka ce ya karɓi fad yanzu-yanzu, ya ce a'a, layi zai bi. Ni na zauna na fara tashin mutane kamar kullum, ina yi ina satar kallonsa. Na ji daɗi a raina, ina ta tsara yadda zan ba Inna labari, da yadda za ta sa min albarka. Na ma yanke shawarar idan layi ya zo kansa zan sassauta masa.

Ashe ba ya bukata. Ya zaɓi tsohon, ya ɗora fad a gwiwa, ya fito da hannun a gaban kowa ba tare da ya kalli kowa ba. Majajjawa ɗaya a hankali, ta biyu da sauri ta tarar da ita, sannan ya tako ya ɗan taɓa ni da naushi ya koma. Biyu, ya tako. Biyu, ya tako. Wato duk zaman da ya yi a ɗaki da dokata a ransa ya yi shi, ya koyi yadda zai yi faɗa da yatsa ɗaya bai taka ta ba. Idan na yi tsalle, ya san inda zan sauka. Idan na tsaya karewa, ya ci ni da kaɗan-kaɗan. Turmin farko ko rabin jininsa, wato layin ƙarfin ɗan dambensa, ban taɓa ba. 'Yan ƙwallo suka bar tasu talabijin suka dawo bayanmu.

Na biyu na ci da ƙyar, gumi har cikin ido. Zancen sassauci ya tafi tun tuni. Abin da nake ji kawai shi ne ana cewa yau sarki zai sauka, kuma mai yatsa biyu ne zai sauke shi. Babu wanda ya faɗi rabin ƙarshen nan, ni na ƙarasa wa kaina.

A turmi na uku jinina ya rage kamar zare, nasa ma ya yi ƙasa. Ya jefo ɗaya na kare. Ya jefo ta biyu na kare. Na san yanzu dole ya tako, na shirya masa dukan da zan tare shi da shi, na saki kariya. Ko zumuɗi ne, ko yatsan ne ya zame, ban sani ba har yau. Ta uku ta fito. Ta same ni a ƙirji, ɗan dambena ya faɗi.

Shagon ya ɗauki ihu. Wani ya rungume shi ta baya. Kowa a wurin ya iya ƙirga uku, mutanen da a kan wannan dokar sun sha tashin mutum yana rantsuwa biyu ya jefa. Amma ranar duk sun mance lissafi, da gangan, ba tare da sun haɗa baki ba. Ni kaɗai ne ban mance ba.

Na ce, "Uku."

Ba a ji ni ba, ko aka yi kamar ba a ji ba. Sai na ɗaga murya na sake faɗa, na miƙa hannu na buga langa-langa. Sau uku na buga. Ba a taɓa buga ta da hannu ɗaya ba, kullum mutum goma ne, ana dariya. Ranar na ji yadda ƙararta take idan kai kaɗai ne.

Ya dubi talabijin ɗin, inda tsohonsa ke tsaye an rubuta masa nasara, sannan ya dube ni.

"Gaskiya ne," ya ce. "Uku na jefa."

Ya ajiye fad a benci, ya mayar da hannu aljihu, ya yi wa mutane sai an jima ya fita. Ni na zauna a kujerar mai ci. Na bayansa a layi ya ce shi ya fasa, na bayan wannan ya tuna an aike shi. Maimakon in yi shiru, sai na hau bayani: doka doka ce, ba ni kaɗai na kafa ba, shi da kansa ya sha buga wa wasu, in za a fara zaɓen wanda za a ƙirga wa to a faɗa min. Babu wanda ya musa min. Da an zage ni da na samu abin riƙewa. Mai shago ya juya fankarsa ya ci gaba da danna waya.

Washegari na yi ta zillewa kada in haɗu da Inna, sai ga ƙanwarsa ta shigo gidanmu da kwano a rufe. Dambun shinkafa ne da zogale, ya sha man gyaɗa, wai in ji Inna a ba ni, ta gode, Allah ya bar zumunci. Ashe ya gaya wa Inna ya je, ya yi wasa, ya ji daɗi. Ko kalma bai faɗa mata a kan abin da na yi ba. Mahaifiyata tana tsaye tana cewa ka ga abin da ake so, aboki ya zama ɗan'uwa. A gabanta na zauna na cinye dambun nan tas, don ban san yadda zan ƙi ci ba tare da na yi bayani ba.

Bai sake fitowa ba. Ƙas-ƙas ɗin ma na daina ji.

Da mutum ne ni a lokacin, da na shiga ɗakinsa na ce na yi maka rashin mutunci, tsoron faɗuwa ne ya sa, ka yafe min. Magana ce da ba ta kai minti ɗaya ba. Amma ni dabara na nema. Na je shago na sanar cewa an soke dokar majajjawa, kamar wani hakimi. Na je na gaya masa an soke, kowa ya yarda, dama dokar ba ta da ma'ana. Ya ce to madalla. Na yi ta zarya kusan mako uku, yau in ce ana tambayarsa, gobe in ce babu wanda ke ba ni wuya tunda ya tafi. Inna tana ganina tana sa albarka, ni kuma kowace albarka kamar an ɗora min buhu. A ƙarshe ya ce zai zo, ina jin don in ƙyale shi ne.

Na riga na gama shirina: zan ba shi wasan. In ya tashe ni a gaban kowa, shi ke nan an biya, na wanke kaina, ba sai na buɗe baki ba. Har na ji ina burge kaina, wai zan sadaukar da kujerata.

Aka fara. Ya jefo, na taka na shiga cikinta. Ya sake jefowa, na yi tsalle a makare. Ina yi ina surutu, kai mutumina ka gama da ni, wannan hannu naka sai a hankali. 'Yan kallo, da suka gane inda na dosa, suka taya ni, kowace majajjawa sai tafi kamar an ci kofi. Ya ci turmin farko cikin abin da bai kai rabin minti ba. Bai yi murmushi ba.

A turmi na biyu sai ya ɗauke hannuwansa daga kan fad gaba ɗaya, ya ɗora su a cinya. Tsohonsa ya tsaya ƙiƙam a tsakiyar fili, ba kariya, ba jifa. Ni kuma ga ɗan dambena ya iso gabansa. Duk wanda ya san ni ya san ko da barci nake ba zan bar wannan damar ba. Na matsa gaba, na ja baya, na kai naushi a iska. Agogon wasan yana ta sauka, 'yan dambenmu biyu a tsaye suna kallon juna. Ban taɓa jin tsirara irin ta wannan lokacin ba. Haka muka zauna har lokaci ya ƙare.

Bai ɗaga murya ba, amma kowa ya ji.

"Ran nan da ka ƙirga min uku na ji ciwo," ya ce. "Amma da na koma gida na yi murna, don na san tsorona ka ji. Abin da na gaya wa Inna ba ƙarya ba ne. Ajiye fad ɗin na yi kwana biyu in gyara yatsan nan in dawo in tashe ka da biyu-biyu." Ya miƙo min fad ɗin da hagu. "Yau kuma tausayina kake ji, ka sa kowa ya taya ka. Riƙe abinka."

Ko a nan ɗin ma da na ce ka yafe min, wataƙila da an samu wani abu. Sai na ji kaina ina cewa wallahi da gaske nake bugawa. Na rantse da Allah a kan ƙarya, a gaban mutum goma sha da suka ga komai. Ya gyaɗa kai kawai ya fita.

Ya fito daga ɗaki daga baya, amma ba ta hannuna ba, kuma ba cikinmu ya dawo ba. Wani kawunsa mai sayar da irin albasa da na tumatir ya riƙa tafiya da shi kasuwa, a can ya yi sababbin mutane, waɗanda tun farko da yatsa biyu suka san shi. Yanzu rumfarsa ce manoman yankinmu ke layi a gabanta idan lokacin yafa iri ya zo, ni ma a cikinsu. Inna har ta koma ga Allah tana gaya wa mutane ni na fito mata da ɗa, ban taɓa samun ƙarfin gyara mata ba.

Ba mu yi faɗa ba, ba ma gaba. Ya zo ɗaurin aurena, na je nasa. Na ba shi haƙuri daga baya, bayan shekara bakwai, a bakin kanal, ya ce haba, ai ya wuce, yarinta ce. Na yarda ya yafe. Sai dai tun muna yara bai taɓa kirana da sunana ba, ɓarawon rake yake ce min, ko a gaban surukai ne zai faɗa. Tun daga ranar da ya miƙo min fad ɗin nan, Malam yake ce min. Matata tana ganin girmamawa ce, har takan ce in yi koyi da ladabinsa. Ko makon jiya da na je sayen iri ya tashi ya ba ni kujera, ya ce Malam sannu da zuwa, gwangwani nawa za a ba ka.